Ido, Lokaci da Sanda: Nazari kan Koyar da Bugu a Wasan Sofbol na Jifa Mai Sauri

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake koyar da bugun ƙwallo a wasan sofbol na mata, nau'in da ake jifa da sauri, kamar yadda ake yin sa a kwalejojin Amurka da manyan gasannin duniya. An dogara ne kan lissafin tafiyar ƙwallo daga hannun mai jifa zuwa gaban mai bugu, da binciken da masana motsin jiki da masana koyon ƙwarewa suka riga suka wallafa. Matsayin maƙalar shi ne cewa jifan da ke tafe ne ke yanke hanyar da sanda za ta bi. Don haka horon da ya ƙare a gyaran tsayuwa da riƙo gaban ƙwallon da ke zaune wuri guda ya bar ɓangaren aikin da ya fi wuya.

1.0 Gabatarwa

Sofbol ya samo asali ne a birnin Shikago a 1887, cikin zauren wani kulob na masu kwale-kwale, inda George Hancock ya tsara dokokinsa na farko domin a samu abin bugawa mai kama da besbol a ɗaka lokacin sanyi. Daga baya ya rabu gida biyu: wanda ake lilo ƙwallo a hankali don nishaɗi, da wanda ake jifa da iya ƙarfi. Na biyun ne ya zama wasan mata na gasa, musamman bayan dokar Amurka ta 1972 wadda ta hana bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Ya shiga gasar Olamfik a 1996. Amurka ta ci zinariya sau uku a jere, sannan Jafan ta doke ta da ci 3 da 1 a Bejin a 2008, ta kuma maimaita da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na gasar Tokiyo da aka yi a 2021.

Ƙarancin ci a waɗannan wasanni biyu ya nuna wanda ke riƙe da wasan. Mai jifa tana tsaye cikin da'ira, ta wulwula hannu zagaye ɗaya, ta saki ƙwallon daga ƙasa, daidai gefen cinyarta. Mai bugu tana gefen wani faranti mai faɗin inci 17. In ƙwallo ya ratsa saman farantin tsakanin gwiwarta da ƙirjinta ba ta buga ba, ko ta kai bugu ta kuskure, an ci ta ɗaya. Sau uku ta fita. Wadda ta dace sau huɗu cikin goma, gwana ce a ko'ina.

2.0 Lokacin da ke hannun mai bugu

Tsakanin wurin tsayuwar mai jifa da faranti ƙafa 43 ne, wato mita 13.11. A besbol ƙafa 60 ne da inci 6, mita 18.44. Amma mai jifan sofbol tana zabura gaba kafin ta saki, har ta cinye mita ɗaya da rabi zuwa biyu na tazarar. Idan jifanta ya kai mil 70 a sa'a, kusan mita 31 a daƙiƙa, ƙwallon zai iso cikin kashi 36 cikin ɗari na daƙiƙa. Jifan besbol mai gudun mil 95 yana ɗaukar kusan kashi 39. Kuma mil 70 ba shi ne iyaka ba: Monica Abbott ta yi mil 77 a 2012, Karlyn Pickens ta jami'ar Tennessee ta kai mil 79.4 a 2025. Wannan matsi ne ya sa makarantun sakandaren Amurka suka mayar da mai jifa baya daga ƙafa 40 zuwa 43 a wajajen 2010, ko masu bugu sa samu sa'ida.

Daga wannan ɗan lokaci, wurga sandar kanta tana cin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na daƙiƙa. Abin da ya rage shi ne na gani, da gane irin jifan, da yanke shawarar bugawa ko ƙyalewa. Ma'ana, ƙwallo bai wuce rabin hanya da yawa ba an riga an yanke hukunci. Bahill da LaRitz sun nuna tun 1984 cewa ido ba ya iya bin ƙwallo har zuwa inda ya haɗu da sanda, domin in ya matso kusa, saurin giftawarsa ya fi ƙarfin juyawar ido. Umarnin nan da kowane koci ke yi, cewa a kalli ƙwallo har ya taɓa sanda, yana da amfani wajen hana kai karkacewa, amma babu wadda ke cika shi.

Abin da ƙwararriya ke yi shi ne hasashe. Tana karanta kafaɗar mai jifa, da takunta, da yadda wuyan hannunta ya juya lokacin saki, da jujjuyawar ɗinkin ƙwallo a mitocin farko. David Epstein ya buɗe littafinsa na 2013 kan gado da horo a wasanni da labarin mai jifan sofbol Jennie Finch, wadda a wani wasan nishaɗi a 2004 ta fitar da Albert Pujols da Mike Piazza, manyan masu bugun besbol na zamaninsu. Jifanta bai kai gudun wanda suke bugawa kullum ba. Matsalarsu ita ce duk alamun da idonsu ya haddace na jifan sama ne, sai ga hannu ya fito daga ƙasa. Siffar bugunsu ba ta canza ba a ranar, ƙarfinsu ma yana nan. Abin da aka ɗauke musu shi ne sanin abin da ke tafe, kuma wannan kaɗai ya isa.

3.0 Hanyar ƙwallo da hanyar sanda

A nan ne gardama ta fi tsami tsakanin masu horarwa. Tsohuwar koyarwa a sofbol ita ce a sari ƙwallo daga sama zuwa ƙasa. Tana da dalilinta: tsakanin tasha da tasha, wato wuraren da mai bugu ke gudu zuwa gare su bayan ta buga, ƙafa 60 ne kawai, don haka ƙwallon da ya mirgina a ƙasa yana jefa masu tsaron fili cikin gaggawa, kuma sandunan wancan zamani ba su da ƙarfin fitar da ƙwallo waje. Da sanduna masu haɗin sinadarin kabon suka zo, 'yan wasa kuma suka shiga ɗaga ƙarfe, sai lissafin ya juya. Shingen ƙarshen fili galibi ƙafa 200 zuwa 220 ne daga faranti. Jocelyn Alo ta jami'ar Oklahoma ta tsallake shi sau 122 kafin ta kammala a 2022, ta shafe tarihin Lauren Chamberlain mai 95. Sai wasu masu horarwa suka faɗa ɗaya ɓangaren, suka kwaso koyarwar besbol ta ɗaga ƙwallo sama ɗungurungum.

Lissafi kaɗan zai raba gardamar. A besbol mai jifa yana kan tudu mai tsawon inci 10, yana saki daga saman kansa, saboda haka ƙwallon gangarowa yake tun daga farko har ƙarshe. Shi ya sa gwanin bugun besbol Ted Williams, a littafinsa na farkon shekarun 1970, ya ce sanda ta ɗan haura sama domin ta tari ƙwallo a hanyarsa. A sofbol fili shimfiɗe yake, ana kuma saki daga tsayin kusan santimita 60. Mu ɗauka jifan zai ɗauki kashi 40 cikin ɗari na daƙiƙa. A wannan lokaci jan ƙasa kaɗai zai sauke ƙwallo santimita 78. Dole mai jifa ta harba shi sama kaɗan in tana son ya iso tsayin ƙugu. Idan babu wata jujjuyawa da ta taimake shi, zai hau, ya kai ƙololuwa, ya fara sauka, ya ratsa faranti yana gangarowa da kusan digiri 3. Jifan da aka murza domin ya nutse zai fi haka gangara.

Jifa mai tashi kuwa, wanda shi ne makamin da ya bambanta sofbol, ana murza shi ne ya riƙa juyawa baya, iska ta tallafe shi. Tallafin bai kai ya rinjayi nauyin ƙwallon ba, amma yana rage faɗuwarsa. In muka ƙaddara ya soke rabin jan ƙasa, aka kuma auna shi tsayin ƙirji, lissafin ya nuna zai iso kusan a miƙe, ko yana ɗan hawa. Mai bugu ta saba ganin ƙwallo yana sauka a ƙarshen tafiyarsa. Da wannan bai sauka ba, sai idonta ya ce mata tsalle ya yi. McBeath ya yi bayanin irin wannan ruɗin ido a besbol a 1990.

Ke nan a fili guda, daga hannu guda, mai bugu tana fuskantar ƙwallon da ke sauka da wanda ke zuwa a miƙe. Sara daga sama ya saɓa wa dukkansu. Ɗaga sanda sosai kuma ya dace da jifan ƙasa kaɗai, a jifa mai tashi sanda za ta bi ta ƙarƙashi. Muhimmancin dacewar hanyoyin biyu yana fitowa in aka duba girman abubuwan: kaurin kan sanda bai wuce santimita 5.7 ba, faɗin ƙwallo kusan 9.7, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa yana nufin ƙwallon ya gusa santimita 30. Sandar da ta shiga layin ƙwallo da wuri ta daɗe a cikinsa za ta same shi ko an ɗan makara ko an ɗan yi gaggawa. Wadda ta ratsa layin a karkace wuri ɗaya tak take da shi. A ganina abin koyarwa shi ne karkatar gangar jiki gwargwadon tsayin jifa: a miƙe ga na sama, a ranƙwafe daga ƙugu ga na ƙasa, hannuwa kuma su bi juyawar jiki.

4.0 Daga ƙasa zuwa kan sanda

Akwai abin da kusan duk gwanaye suka yi tarayya a kansa, kuma bai da yawa. Nauyi ya taru a ƙafar baya, a yi taku gaba, ƙafar gaba ta dira ta ƙage, ƙugu ya juya kafin kafaɗa, kafaɗa kafin hannu, kan sanda ya zo a ƙarshe. Welch da abokan aikinsa sun auna wannan a 1995 kan ƙwararrun 'yan besbol maza. Sun samu ƙafar gaba tana danna ƙasa da ƙarfin da ya kai kashi 123 cikin ɗari na nauyin jiki, ƙugu yana kai digiri 714 a daƙiƙa, kafaɗa ta biyo da 937, kan sanda ya kai mita 31 a daƙiƙa. Alƙaluman na maza ne, da sanda mai nauyi daban, bai kamata a ɗora wa yarinya 'yar shekara 14 su a matsayin mizani ba. Jerin motsin shi ne abin ɗauka. Ya kuma kashe tsohuwar jayayyar mabiya Williams masu cewa juyi ne komai da mabiya Charley Lau masu cewa tura nauyi gaba ne: dukansu suna faruwa, turawa ce ke fara zuwa, ƙafar gaba ta tare ta, ta koma juyi.

A duba ƙafar baya, domin nan ne ake ganin yadda koci ke ɗaukar sakamako ya mayar da shi sanadi. Shekara da shekaru ana ce wa yara su murza tafin ƙafar baya kamar mai murƙushe ƙwaro. Wanda ya rage gudun bidiyon gwana zai ga wani abu dabam. Kafin sanda ta taɓa ƙwallo, diddigen baya ya riga ya ɗaga, gwiwa ta karyo ciki, ƙafar tana kan ɗan yatsa ba nauyi a kanta, wani lokaci har takan ja ƙasa ta matso gaba. Ƙugu ne ya janyo ta. Yarinyar da aka koya wa murza ƙafar da gangan tana barin nauyinta a baya, ƙugu da kafaɗa su juya tare, ƙarfin da ya kamata ya taru tsakaninsu ya zube. In aka ɗauki hotonta bayan bugu za a ga ta yi kama da gwanar, ƙwallon ne kawai ba zai yi nisa ba.

Sauran abubuwa, kamar faɗin tsayuwa, da tsayin hannuwa, da ɗaga ƙafa ko jan ta, sun bambanta daga gwana zuwa gwana. Ma'auninsu ɗaya ne: ƙafar gaba ta dira a kan lokaci.

5.0 Bakin koci

Gabriele Wulf da abokan aikinta sun fara nunawa a 1998 cewa mai koyo ya fi saurin ƙwarewa in hankalinsa yana kan abin da motsinsa ke haifarwa, ba kan gaɓoɓinsa ba. Castaneda da Gray sun gwada batun a bugun besbol a 2007, suka samu sakamako mai rassa biyu. Ƙwararru sun fi kyau in suna lura da tashin ƙwallo daga sanda, kuma bugunsu yakan lalace in aka sa su lura da hannuwansu. Sababbin shiga kuwa sun amfana da mayar da hankali kan yadda ake wurga sandar. Don haka kalma guda ba ta yi wa kowa. 'Yar koyo tana buƙatar a nuna mata gwiwar hannu da ƙugu. Wadda ta shekara goma tana bugu, a ce mata ta aika ƙwallon saman kan mai tsaron tasha ta biyu, jikinta zai nemo hanya.

Akwai kuma tazara tsakanin abin da mai bugu ke ji a jikinta da abin da kyamara ke gani. Gwanaye da yawa za su rantse sara suke yi daga sama, bidiyo kuma ya nuna sandarsu tana ɗan haurawa. Ba ƙarya suke ba. Tunanin bi ta saman ƙwallo ne ke hana su zurmawa ƙarƙashinsa. Kalmar koci kamar magani take, ana ba da ita ne gwargwadon ciwo. Yarinyar da kafaɗarta ta baya ke zubewa, in aka ce ta bi ta saman ƙwallo, sandarta za ta daidaita. A faɗa wa ta kusa da ita wadda dama sara take yi, sai ta riƙa binne ƙwallo a gaban faranti. Kocin da ya jera 'yan wasa goma sha biyar ya yi musu kira guda ya gyara wasu, ya ɓata wasu.

6.0 Tsarin atisaye

A yawancin wuraren horo, 'yar wasa takan fara da turke, wato bututun roba da ake ɗora ƙwallo a kai. Daga nan a riƙa lallaɓo mata ƙwallo daga gefe, sannan injin jifa da aka saita wuri guda da gudu guda. Za ta iya yin bugu ɗari a yini ba tare da ta yanke shawara ko sau ɗaya ba. Turke yana da gurbinsa, shi ya fi dacewa a gyara hanyar sanda. Sai dai ya cire lokaci da hasashe, waɗanda sashe na biyu ya nuna su ne tushen wahalar.

Inji ma ba ya maye gurbin mutum. Pinder da Renshaw da Davids sun nuna a 2009, a wasan kurket, cewa matasan masu bugu suna sauya lokacin takunsu da ɗaga sandarsu in inji ne ke jifa, saboda babu hannu ko kafaɗar da za su karanta. Ga kuma gwajin Hall da Domingues da Cavazos na 1994 kan 'yan besbol na kwaleji. Tsawon mako shida an ba rukuni biyu ƙarin atisaye na jifa iri uku. Rukuni ɗaya yana samun kowane iri a jere har sau 15 kafin a sauya, ɗayan kuma a cakuɗe ba tare da sanarwa ba. A gwajin ƙarshe masu cakuɗe ne suka fi ci gaba, da rata mai faɗi. Atisayen cakuɗe ba ya da daɗin kallo, ana yawan kuskure, iyayen da suka biya kuɗin horo kuma suna son ganin ƙwallo yana tashi. Wannan, a zatona, na cikin dalilan da suka sa ba a cika yin sa ba.

Nikolai Bernstein, masanin motsin jiki ɗan Rasha, ya ɗauki hoton maƙera suna dukan ƙarfe, ya ga guduma tana sauka inda ake so alhali gaɓoɓin hannu ba sa bin hanya guda sau biyu. Ƙwarewa a wurinsa ita ce iya warware matsala guda ta hanyoyi da yawa. Mai bugun sofbol ba ta taɓa ganin jifa biyu iri ɗaya sak ba, don haka neman ta haddace bugu guda tak aikin banza ne.

Uzurin masu horarwa gaskiya ne: ƙungiya ba ta da masu jifa da yawa, kuma kafaɗarsu na gajiya, ba za a sa su jifa duk yini ba. Amma akwai hanyoyi masu araha. Koci ya tsaya bayan raga a ɗan kusa, ya wulwula hannu sosai kafin ya saki, yana sauya tsayi da gudu. Masu bugu su riƙa tsayawa gefen faranti lokacin da masu jifa ke nasu atisayen, ba bugu, sai taku da faɗin irin jifan da baki. A nuna musu bidiyon mai jifa da aka yanke jim kaɗan bayan saki, su ce mene ne ke zuwa, dabarar da Peter Fadde ya gwada da 'yan besbol na kwaleji. Na'urorin zamani irin su Blast Motion da ake maƙalawa a gindin sanda, da Rapsodo da HitTrax masu bin tashin ƙwallo, suna ba da gudun sanda da kusurwar da ta shigo da ita, ko gudun ƙwallo da kusurwar tashinsa. Alƙaluman da aka ɗauka a turke suna faɗin abin da jiki zai iya ne kawai. A ɗauke su gaban mai jifa, a kwatanta. Inda suka faɗi, nan ne aikin yake.

7.0 Bugun gudu

Sofbol yana da wani salo da besbol bai ba muhimmanci ba. 'Yar wasa mai sauri takan tsaya a ɓangaren hagu na faranti, wanda ya fi kusa da tashar farko, ta fara tafiya gaba tun ƙwallo yana hanya, ta ƙetara ƙafar hagu kan ta dama, ta mare shi ƙasa tana cikin gudu. Natasha Watley da Caitlin Lowe, dukansu 'yan tawagar Amurka a 2008, sun yi fice da shi. Masu saurin gaske suna isa tashar farko ƙasa da daƙiƙa uku, ba su bar wa mai tsaron fili sararin gyara riƙon ƙwallo ba.

A nan sara daga sama yana da ma'ana, domin ana son ƙwallon ya daki ƙasa ya yi tsalle sama, ya ci lokaci. Sai dai kai yana tafiya, ido yana tafiya, tazarar da ke tsakaninta da mai jifa tana raguwa, doka kuma ta hana ƙafa fita daga akwatin tsayuwa lokacin bugu. Kuskuren da aka fi gani shi ne karkata zuwa tashar farko tun ba a taɓa ƙwallo ba, sai kafaɗa ta buɗe, jifan da ya bi gefen waje na faranti ya gagara. Shi ya sa ake fara koyar da takun ba sanda: yarinya ta sa safar kama ƙwallo a hannun hagu, ta yi takun tana fuskantar mai jifa, ta cafke ƙwallon a daidai inda sanda za ta same shi. Sai ta iya wannan a jifan sama da na ƙasa, na ciki da na waje, sannan a miƙa mata sanda.